Kafin ka sayi akwatin sintesaiza, ƙirga maɓallansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in amsa wata tambaya da ƙannenmu masu kaɗa fiyano suka ishe ni da ita: wane akwatin sintesaiza, wato injin da ke ƙera sautin kiɗa da lantarki, mai araha ya kamata mutum ya ƙara a kan kayan kiɗansa? Na fi shekara 15 a wannan sana'a, kuma na taɓa yin sayen da na yi da-na-sani, don haka ina da abin faɗa.

Ga wanda bai sani ba, akwatin da nake nufi shi ne wanda ba shi da madannai, sai ka haɗa shi da fiyanonka ko kwamfuta ta wayar MIDI, tsarin nan da aka fito da shi a 1983 mai tashoshi 16. Tunda kana da madannai, me zai sa ka sake biyan kuɗin wasu? Irin wanda ake kira analog na kwaikwayo kuwa, lissafi ne a cikinsa yake kwaikwayon muryar tsofaffin injunan analog, masu yin sauti da da'irar lantarki zalla, irin su Minimoog na 1970 da Prophet-5 na 1978, ba tare da halinsu na kaucewa daga saiti idan sun yi zafi ba. Kamfanin Clavia na Suwidin ne ya buɗe wannan kasuwa da Nord Lead a 1995, sai Roland da JP-8000, sai Access na Jamus da Virus a 1997, sai Korg da MS2000 a 2000. Yawancinsu sun fito har da na akwati, kuma yau a hannu ake samunsu.

Matasa idan sun zo wurina, tambayarsu ta farko ita ce sauti nawa aka zuba a ciki. Ni kuwa cewa nake yi su fara ƙirga maɓallan murɗawa da ke fuskarsa.

Ga dalilina. Na taɓa sayen wani ɗan ƙaramin akwati, ba zan kama suna ba, saboda na ga an rubuta sautuka rututu a jikin kwalinsa kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Maɓallan murɗawa uku ne kacal, da ɗan gilashi mai layi biyu. Wata rana muna cikin kiɗa, mawaƙiya ta ɗaga murya, na ji lokaci ya yi da zan buɗe matatar sauti, wadda ke rage ko ƙara kaifin sauti, a hankali, don shimfiɗa, wato dogon sautin da ke ƙarƙashin muryarta, ta yi haske. Na danna, na shiga shafi, na wuce wani, na dawo baya, hannun hagu yana riƙe da kiɗa, ido yana kan gilashi. Kafin in kai inda nake nema amshi ya wuce, mai ganga yana kallona yana dariya. Daga ranar na daina taɓa cikinsa, sautuka biyar na zaɓa nake ta jujjuyawa har na rabu da shi. To, ina amfanin baɗi ba rai? Sintesaizar da ba ka murɗa ta ba, da ita da sautin da ke cikin fiyanonka duk ɗaya.

Kamfanonin da kansu sun nuna mana wannan bambanci. MS2000 da microKORG na 2002 kusan injinsu ɗaya, muryoyi huɗu-huɗu, amma na farko fuskarsa cike take da maɓallai, na biyu kuwa sai ka zaɓi layi a jadawali kafin maɓallai biyar su san abin da za su taɓa. Haka Ion na Alesis da ƙaninsa Micron. Arahar ƙaramin daga nan ta fito, daga maɓallan da aka cire. Ba na cewa ba su da kyau, sautinsu lafiya lau ne. Amma wanda yake koyon yadda ake gina sauti, ya murɗa nan ya ji abin da ya sauya, MS2000R ko Nord Rack, wato na akwatin MS2000 da Nord Lead, za su koya masa a wata guda abin da ƙaramin akwati ba zai koya masa a shekara ba.

Wani zai ce ai ana iya gyara sautin ta kwamfuta. Gaskiya ne. Sai dai idan linzamin kwamfuta za ka riƙe, gara ka tsaya ga manhaja ka bar kuɗinka a aljihu.

Bayan maɓallai sai muryoyi, kuma a nan ma lambar da ke kan kwali takan yaudari mutum. Murya huɗu na nufin sauti huɗu a lokaci guda. Ka dafe madannai huɗu da hagu, ka taɓa na biyar da dama, sai injin ya sace ɗaya daga cikin na farkon, ka ji ƙasan kiɗan ya zube kamar an zare masa ƙafa. Idan sautin mai doguwar jela ne, tun kafin na baya ya mutu na gaba ya cinye shi. Idan kuma ka ɗora sauti biyu a kan juna, huɗun nan sun koma biyu. Mai neman bes, wato sautin ƙasa mai kauri, da jagoran waƙa kawai, huɗu sun ishe shi, har da ƙananan akwatunan Roland Boutique na 2015 irin su JU-06 da JP-08. Mai son shimfiɗa mai faɗi ya nemi takwas zuwa sama: A-Station na Novation yana da takwas, JP-8080 goma, Nord Rack 2 kuwa 16. Shi JP-8080 ɗin, af, sunansa ya tafi ne saboda sautin Supersaw, igiyoyin zarto bakwai da aka ɗan karkata saitinsu, kuma wannan sunan ya sa ba kasafai ake samunsa da araha ba.

Wanda kwamfuta ce ke kaɗa masa komai a situdiyo, lissafinsa daban. Shi abin da zai duba shi ne sassa nawa, wato sautuka daban-daban kamar bes da shimfiɗa, akwatin ke iya yi a tare, da ramukan fitar sauti. Blofeld na Waldorf, wanda ya fito a 2007, yana kai muryoyi 25 da sassa 16, kuma duk da ƙarancin maɓallansa gilashinsa yana zana maka abin da kake murɗawa, shi ya sa nake ɗaga masa ƙafa. Amma ramukan fitarsa biyu ne, hagu da dama, don haka bes da shimfiɗa duk ta hanya ɗaya za su shiga miksa. Virus B yana da ramuka shida da muryoyi 24. Wanda ya samu dama ya kama shi bai yi asara ba.

Kada kuma a manta analog na gaske ya sauko. Tun da Korg ta fito da Volca a 2013, sannan Behringer ta biyo da Model D, mai neman murya ɗaya mai kauri ba dole ne ya nemi kwaikwayo ba. Inda na kwaikwayo ya fi shi shi ne yawan muryoyi da ajiye sautin da ka gina ka kira shi gobe yadda ka bar shi.

Tunda yawancin waɗannan akwatuna sun haura shekara 20, kada ka miƙa kuɗi sai ka jona ka gwada. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana kallon lambar da ke gilashi, idan tana tsalle ko tana komawa baya, gyara na jiranka. Ajiye sauti ɗaya, kashe wuta, kunna, ka ga ko yana nan, domin wasunsu da ɗan batir suke riƙe ajiyarsu. Saka waya a kowane rami. Sannan ka karɓi adaftarsa ta asali, don wasu wutar AC suke sha ba DC ba, kuma na ga wanda ya jona wadda ba tasa ba tun daren da ya kawo shi gida, ƙaurin da ya tashi ne ya gaya masa.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon makaɗin fiyano