Abba, kan maganar dattijon da aka haɗa ka aiki da shi

Assalamu alaikum Abba, da fatan ka isa masauki lafiya, ya gajiyar hanya. Tun da muka yi waya daren jiya maganarka take min yawo a rai, na so in ba ka amsa nan take amma na ji ranka a ɓace yake kuma mamanka tana kusa ban so ta ɗauka wani abu ne babba, shi ya sa na bari sai yanzu bayan asuba na zauna nake rubuto maka, ka yi haƙuri zai yi tsawo.

Ka ce dattijon nan da kamfani ya haɗa ku yana ja maka baya, ku shiga shago ɗaya ya yi awa guda yana gaisuwa da shan shayi ba a ko buɗe katan ba, ga shi ba ya son rubuta oda a waya sai a wani tsohon littafi, kai kuma ana auna ka da yawan shagunan da ka zaga a rana, har kana tunanin ranar Litinin ka samu manaja ka ce a raba ku. To kafin Litinin ɗin ina so ka karanta wannan, kuma in da hali ka nemi wani fim ka kalla.

Ƙanwarka ce ta sa min shi a kwamfutarta watan jiya, wai aikina na da ne a ciki. Sunansa Diamond Men, fim ne na Amurka na shekarar 2000, ba na manyan kamfanonin nan masu fashe-fashe da harbe-harbe ba ne, ƙaramin fim ne da wani mutum Dan Cohen ya rubuta kuma ya ba da umarni, kuma ka ga alamar wanda ya san sana'ar daga gida ne don mahaifinsa tallan daimon ya yi. Labarin wani dattijo ne Eddie, shekara 30 yana yawo da jakar daimon a ƙananan garuruwan jihar Pensilbaniya yana kai wa masu shagon zobe da sarƙa. Sai ciwon zuciya ya kwantar da shi. Da ya tashi ya koma bakin aiki sai aka ce masa masu inshora ba za su ƙara tsaya wa kayan da ke hannunsa ba, kaya ne na wajen dala miliyan ɗaya, kuma mai ciwon zuciya zai iya faɗuwa a hanya. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ɗauki wani yaro Bobby a mota ya zaga da shi ya koya masa hanya, wato ya koyar da wanda zai gaje kujerarsa da hannunsa. Robert Forster ne ya fito a dattijon, ya rasu a 2019, mutumin ba mai ɗaga murya ba ne amma fuskarsa kaɗai ta ishe ka, yaron kuma Donnie Wahlberg ne.

Wallahi Abba da na ga su biyun a cikin mota, yaron na son kiɗa mai ƙara da surutu da a san ya shigo gari, dattijon kuma yana neman otal ɗin da ba wanda ya damu da shi da gidan abincin da ba hayaniya, sai da na ce wa ƙanwarka ta ɗan tsayar. Yaron gani yake tsufa ne da rowa. Alhali mutumin da ke ɗauke da dukiyar mutane a but ɗin mota ba abin da yake nema kamar a manta da fuskarsa, wannan shirun nasa shi ya tsare shi shekara 30. Akwai wuraren da ban ji daɗinsu ba a fim ɗin, musamman inda yaron ya ga dattijon na fama da kaɗaici tun bayan rasuwar matarsa ya ɗauke shi ya kai shi gidan banza wai taimako ne, wannan ka wuce shi, ba tarbiyyarmu ba ce, amma ko a nan ɗin na lura yaron ya fara kallon dattijon a matsayin mutum mai ciwo a rai, ya daina ganinsa kamar wani shinge da ya tare masa hanya.

Abin da ya sa ya taɓa ni haka, ban taɓa ba ku labarin nan ba. A 1983 na fara aiki a wata masaƙa a Kakuri, lokacin Kaduna in an tashi daga aiki kekuna sai sun rufe titi. Aka haɗa ni da wani dattijo muna kai samfur na atamfa wa 'yan sari, daga Kaduna mu yi Zariya mu yi Funtuwa mu yi Gusau, wani satin kuma Kantin Kwari, a cikin wata Fijo 504 da ƙofar bayanta sai an ɗaga ake rufewa. Ina da shekara 22, na yi sakandare, shi kuma da ajami yake rubutu a littafinsa, ina ganin na fi shi. Wata rana a Gusau muka shiga shagon wani Alhaji da ake bin sa kuɗin dila uku, ni na riga na fito da rasit ina jira a yi maganar kuɗi, sai maigidana ya cire takalmi ya zauna a kan tabarma ya tambayi jikin yarinyar Alhajin da ta yi ƙyanda, ya tambayi damina, aka kawo fura ya sha, ya ɗauki wani turmi da ke can ƙasan kanta ya kaɗe masa ƙura ya juya shi ya mayar, bai ce komai a kai ba. Muka yi sallama muka fito ba kuɗi ba oda. A mota na cika na batse. Sai ya ce min kai ba ka ga zanen da muka kawo masa wancan zuwan ba ne har yanzu yana nan ya yi ƙura, mutumin da kayansa bai fita ba in ka tambaye shi kuɗi a gaban yaransa ka rasa shi har abada, wata mai zuwa za mu kawo masa mai ruwan ganye irin wanda matan nan suke so mu karɓe wancan mu kai Funtuwa. Haka aka yi, kuma kafin Sallah Alhajin ya biya har da ƙarin oda.

Duk da na ga wannan da idona, da manaja ya kira ni bayan wata shida ya tambaye ni ya tafiyar, sai na ce muna ɓata lokaci, ni kaɗai zan iya zaga ninki biyu. Ban san dama abin da suke jira su ji ke nan ba. Ƙarshen watan aka sallame shi. Shi ya sani tun ranar farko cewa magajinsa ne yake ɗauka a mota, ni ne ban sani ba, kuma bai taɓa ɓoye min wani kwastoma ko wata hanya ba.

Na koma Gusau ni kaɗai, Alhajin nan ya karɓe ni faram-faram, ya tambaye ni ina Malam, na ce ya yi ritaya, ya ce Allah sarki, ya duba samfur ya ce sai an kwana biyu. Haka shago na biyu, haka na uku. Na zaga shaguna ninki biyu kamar yadda na yi alƙawari na dawo da rabin abin da muke kawowa. Daga ƙarshe dai na haɗiye kunya na je gidansa da yamma, na same shi a zaure yana gyara rediyo, ban san ta inda zan fara ba, shi ma bai tambaye ni abin da na faɗa wa manaja ba ko da yake na tabbata ya sani. Ya shiga ciki ya fito da littafin nan ya zaunar da ni yana karanta min ina juyawa zuwa boko, wane ba ya son a zo masa ranar kasuwa, wane in ya ce a'a sau biyu na uku zai saya kada ka tashi, wane ɗansa ne mai yanke magana amma uban za ka fara gaisarwa, wane kada ka ba shi bashi ya wuce dila ɗaya komai rantsuwarsa. Sati uku ina zuwa. Da wannan littafin na ci abinci shekara da shekaru, har lokacin da Naira ta faɗi bayan 1986 kaya suka yi tsada mutanen da ya haɗa ni da su ne suka riƙe ni, da shi aka yi kuɗin makarantarku har masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Ban ce maka duk abin da dattijonka yake yi daidai ne ba fa. Zamani ya canza, oda a waya ta fi sauri kuma ba ta ɓata, kuma gaskiya ne kai ake tambaya lissafi a ƙarshen wata, ban raina wannan damuwar ba. Abin da nake so shi ne ka raba aikin, shi ya yi gaisuwarsa kai kana gefe kana shigar da odar a wayarka ba tare da ka sa shi ya ji kamar ka ƙwace masa alƙalami ba, idonka kuma yana kan kanta, me ya ƙare me ya yi ƙura, wa ya fara gaisarwa, a wane lokaci ya kawo maganar kuɗi. In kun koma mota ka tambaye shi Baba me ya sa ka yi kaza, tambaya ta mai son sani, za ka sha mamakin abin da zai fito daga bakinsa. Ka riƙa ɗaukar masa jaka, in lokacin sallah ya yi kai ka nemo ruwa, in yana shan magani ka san lokacinsa ka tsaya ko bai ce ba. Sannan kuɗin kamfani in kun karɓo kada ka ƙirga a bainar jama'a, kada ka ɗora hoton inda kuka sauka a Facebook, kada ka faɗa wa kowa garin da za ku gobe, hanyoyin nan ka san yadda suke yanzu.

Maganar manaja kuwa ina roƙonka ka bari. In shi ya kira ka ya tambaya ka faɗi gaskiya gaba ɗayanta, har da shagunan da ba don dattijon ba ba za a ba ka wurin zama ba, kuma ka sa a ranka wataƙila shi ma an riga an gaya masa abin da ba a gaya maka ba, yana tashi da asuba yana zuwa ya ɗauke ka duk da haka.

In kun shigo Kaduna ƙarshen wata ka kawo shi gida ya ci abinci, ina so mu gaisa, mamanka ta ce za ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Littafin da na kwafa yana nan cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, zan fito maka da shi ka gani. Ka gaishe min da shi, ka kuma kira ni in ka gama karantawa. Allah ya yi maka albarka ya tsare hanya.

Babanka