Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu game da kuɗin sabis da canjin man birki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku, mun ga ya dace mu rubuto wannan wasiƙa ne saboda tambayoyi biyu da suka yawaita a garejinmu a 'yan watannin nan. Wasu daga cikinku sun zo mana da takardar lissafi daga wuraren gyara na manyan dillalan motoci, inda aka rubuta musu cewa lokacin canjin man birki ya yi, suna neman mu gaya musu ko gaskiya ne ko kuwa dabarar karɓar kuɗi ce. Wasu kuma sun yi mana ƙorafi, kuma suna da haƙƙin yin hakan, cewa kuɗin sabis a wurinmu ma ya tashi.

Batun kuɗi ba ɓoyayye ba ne. Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, da kuma sakin darajar naira da ya biyo baya a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, kuma yawancin abin da muke sa wa motocinku daga waje yake zuwa: baƙin mai, filta, fulogi, takalmin birki. Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano neman kayan gyara ya san farashin da aka gaya masa a wannan wata ba lallai ya same shi a wata mai zuwa ba. Mun daɗe muna riƙe kuɗin aikinmu a inda yake, har sai da kuɗin man janareta da albashin yaranmu suka tilasta mana ƙari. Daga yanzu kowace takardar lissafi za ta nuna kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, domin ku ga inda kowace naira ta tafi.

Game da man birki kuwa, amsarmu ita ce dillalan sun faɗi gaskiya a asalin maganar, kuma ba za mu kushe ta don kawai daga bakin abokan gasarmu ta fito ba. Idan direba ya taka birki, man nan ne yake ɗaukar ƙarfin ƙafarsa ta cikin siraran bututu ya kai shi ga tayoyi huɗu. Irin man da ke cikin yawancin motocinmu, wato DOT 3 da DOT 4, yana da halin zuƙar danshi daga iska. A hankali ruwa yana shiga ta murfin ma'ajiyarsa da ta jikin robobin tiyo, ko da babu inda yake yoyo, ko da motar tana ajiye a gida ba a hawanta. Shi ya sa ake lissafa wa'adinsa da shekaru fiye da yadda ake lissafa shi da kilomita. Kamfanin Honda ya ce a canza shi duk shekara uku, Mercedes-Benz kuma duk shekara biyu, kuma littafin kowace mota ya faɗi nata wa'adin.

Illar ruwan tana bayyana ne idan birki ya ɗauki zafi. Bisa ƙa'idar da Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta kafa, wadda daga sunanta aka samo haruffan DOT, sabon DOT 4 bai kamata ya tafasa ba sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ruwan da ya sha ya kusa kashi 4 cikin 100, abin da ƙa'idar ta lamunce masa ya sauko zuwa digiri 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa zuwa 140. A zirga-zirgar cikin gari mai mota ba zai ji wani bambanci ba, kuma wannan ne yake yaudarar mutane. Amma wanda ya ɗauko iyalinsa da kaya yana gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo, ƙafarsa a kan birki na tsawon lokaci, zafin na iya tafasa man ya zama tururi a cikin bututu. Tururi yana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ba ta tsaya ba, daga baya a ce birki ya ƙwace, alhali idan ya huce sai a tarar yana kamawa kamar ba abin da ya faru.

Akwai kuma ɓarnar da ruwan yake yi a ɓoye, domin yana haddasa tsatsa a cikin sassan birkin. A motocin da ke da na'urar ABS, wadda take hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, tsatsa da datti na iya lalata ƙananan ƙofofin da ke cikinta, kuma kuɗin sayen wata ya ninka na canjin mai sau da yawa. Aikin canjin kansa ba ya cin abin da ya wuce kusan lita ɗaya a ƙaramar mota, kuma ba ya kai rabin yini.

Inda muka saɓa da wasu wuraren shi ne idan aka riƙa rubuta canjin man birki a kowane sabis ba tare da an gwada ba. Wannan bai zama dole ba, kuma kuna da ikon ku tambaya yaushe aka canza shi na ƙarshe, ku kuma nemi a nuna muku sakamakon gwaji. Tsadar dillalai tana da dalilanta, domin suna ɗauke da nauyin manyan gine-gine da na'urori da horar da ma'aikata, kuma wanda motarsa sabuwa ce tana ƙarƙashin garanti, shawararmu gare shi ita ce ya ci gaba da kai ta can har garantin ya ƙare, ko da hakan ya rage mana ciniki. Amma mafi yawanku motocin Kwatano kuke hawa, waɗanda suka iso ba tare da tarihin gyaransu ba. Ga irin waɗannan, muna ganin a canza man tun a sabis na farko, daga nan a fara ƙirga wa'adi.

Muna roƙonku da ku daina wasu abubuwa da muke gani kullum suna ba mu tsoro. Idan man birki ya ragu a ma'ajiyarsa, yawanci ko dai takalmin birki ya cinye ne ko kuma akwai yoyo, don haka ƙara mai a bakin titi rufe alamar ciwo ne kawai. Mun sha buɗe mota mu tarar an zuba mata man giya ko baƙin mai a wurin birki, har ma da ruwan omo. Man giya da baƙin mai suna kumbura robobin birki su lalata su gaba ɗaya, sai an canza su duka, ruwan omo kuwa a digiri 100 yake tafasa. Kada a sayi man da aka ɗura a wata kwalba, ko wanda aka buɗe ya daɗe a ajiye, domin ya riga ya sha danshi. Sannan DOT 5 wani iri ne daban da ba a haɗa shi da sauran, duk da kamannin sunansa da DOT 5.1. Irin da motarku take sha yana rubuce a kan murfin ma'ajiyar, idan an ɗaga bonet.

Daga wannan wata, duk motar da ta shigo sabis za mu gwada yawan ruwan da ke cikin man birkinta kyauta, a gaban mai ita ko direbansa. Idan man yana da kyau za mu bar shi, mu faɗa muku. Idan ya kamata a canza, za mu gaya muku kuɗin kafin mu taɓa komai, mu fasa sabuwar kwalba a idonku, mu fitar da tsohon ta tayoyin huɗu tare da cire iska, sannan mu manna takarda a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da ranar aikin da irin man da aka zuba. Wanda yake so ya kawo nasa man ya kawo, matuƙar a rufe yake kuma ya dace da motar. Masu shirin doguwar tafiya kuma muna roƙon su kawo motar kwana biyu ko uku kafin ranar tashi, domin idan an ga yoyo a sami lokacin nemo kaya.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nemanku.

Naku,
Shugaban gareji, a madadin dukkan ma'aikata
Kano