Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa: A Sa wa Manyan Motoci Sitika Mai Mayar da Haske

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma nakan bi hanyar Kano zuwa Zariya da dare idan na je gaida mahaifiyata. A hunturun da ya wuce, bayan isha'i, muna cikin motar haya sai direba ya taka birki har muka gwaru da kujerun gaba. Ashe tirela ce ta lalace a kan titi, ba danja, ba fitila, sai rassan ganye da yaron mota ya jera a kan kwalta. Tsakaninmu da ita bai kai tsawon mota biyu ba. Allah ne ya tsare.

Ganye ba ya mayar da haske, ranka ya daɗe. Da a ce an manna wa bayan tirelar nan sitika mai ja da fari, da tun daga nesa direbanmu ya hango ta.

Ga yadda abin yake aiki. Farin bango yana watsa haske ko'ina, madubi kuwa yana karkatar da shi wani gefe. Ita wannan sitika mayar da shi take yi daidai inda ya fito. To idon direba yana kusa da fitilar motarsa, shi ya sa yake ganin ta tamkar an kunna wuta, alhali ba batir ba waya. Wata ana yin ta da ƙwayoyin gilashi da suka fi gero ƙanƙanta, irin waɗanda ake barbaɗawa a fentin titi. Wata kuma da ƙananan kusurwoyi, kamar lungun ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe: haske ya bugi fuska uku ya juyo ta hanyar da ya zo. Duk wanda ya ƙura wa danjar keke ido zai ga waɗannan kusurwoyi a jere. Ɗalibaina kan yi mamaki idan na ce musu ko idon mage da dare haka yake yi. A Ingila ma, ƙusoshin titi masu ƙyalli da Percy Shaw ya ƙirƙiro a 1934 idon mage ake ce musu.

A 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye wani madubi mai irin waɗannan kusurwoyi a duniyar wata. Har yau ana harba masa haske daga doron ƙasa yana dawowa, da haka aka gano wata yana nisantar mu da kusan santimita 3.8 a shekara. Abin da ya jure fiye da shekara hamsin a can, bai kamata ya gagari bayan tankar mai ba.

Roƙona shi ne hukumarku ta je inda manyan motoci suke kwana, irin su Mararrabar Jos da Tafa, ta haɗa kai da ƙungiyoyin direbobi a manna wa kowace tirela da tanka da tifa sitikar nan a baya da gefe, kafin a fara maganar tara. Kada a manta da amalanken shanu da masu kura da 'yan acaɓa, domin su ne ba a gani sam.

Sai dai a kula da jabu. Akwai leda mai sheƙi da rana wadda da dare ba ta komai. Gwajin ba wuya: jami'i ya riƙe tocila kusa da idonsa ya haska daga nesa, ta gaske za ta amsa nan take. Kuma ƙurar hunturu da baƙin mai suna dushe ta, don haka a sa yaran mota su riƙa goge ta duk lokacin da suka tsaya duba taya.

Na gode da saurare, Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Kano