A Fara Horar da Sabon Takalmin Hawa Tun Kafin Sallah

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin jan hankalin mahaya, musamman matasan da ke karɓo dogon takalmin hawa daga wurin baduku ana jajiberin Sallah, su zura shi washegari. Kafin a kai Hawan Daushe dunduniya ta yi bororo, bayan gwiwa ya saluɓe, sai a ɗora wa baduku laifi. Alhali sabuwar fata, ko ta akuya ce da aka jeme da bagaruwa ko kirgin saniya mai kauri, tana bukatar mako biyu zuwa uku kafin ta san ƙafar mai ita.

Da farko a tabbatar da awo. Fata tana buɗewa ta faɗi, amma ba ta ƙara tsawo. In babban yatsa na tokarar gaba, a mayar da takalmin, babu man da zai gyara shi. In kuwa sha-raɓa ce ta ɗan matse, wannan zai saki.

A goge ƙura da tsumma mai ɗan danshi, a bari ya sha iska a inuwa. Sannan a ɗebi man kaɗanya kamar cokalin shayi ɗaya ga kowace ƙafa, a murza shi a tafin hannu har ya narke, a shafa a idon sawu, da bayan dunduniya, da bakin takalmin ta sama. A bar shi ya kwana, da safe a share abin da fatar ba ta sha ba. Mai yana duhunta launi, don haka a fara gwadawa a wani lungu, kuma a kauce wa wurin ado. Gefen da ke manne da cikin doki ba ya son mai da yawa, santsi zai yi. Yawan mai ma illa ne: fata ta yi laɓo-laɓo, takalmin ya kasa tsayuwa, ƙura ta manne a ɗinki.

Inda aikin yake shi ne idon sawu. Duk karyewar da fata ta fara yi a nan, da ita za ta zauna har takalmin ya tsufa. Saboda haka kada a bar ta ta karye yadda ta ga dama. A zura hannu ciki, a lanƙwasa takalmin gaba da baya sau 20 ko 30, ana danna fatar da yatsa domin ninkin ya kwanta a kwance, kada ya yi tsinin da zai riƙa sukar agara ko ƙashin idon sawu. Bayan haka a sa safa mai kauri, a yi yawo da shi a gida rabin awa a ranar farko, ana ƙarawa kullum. A taka bakin dakali da gaban ƙafa, a saki dunduniya ƙasa, a ɗago, kamar yadda ƙafa ke zama a likkafa. Da ninkin ya zauna, takalmin zai sauka da kusan inci ɗaya, cizon bayan gwiwa ya tafi. Kafin nan a sa ɗan ƙyallen fata a ƙarƙashin dunduniya ya ɗaga ƙafar. Hawan farko ya zama gajere, kuma ba kaimi.

Abin da ya fi damun mu shi ne dabarun gaggawa. Ruwan zafi yana ƙanƙance fatar bagaruwa, ta bushe ƙau kamar katako. Shanya a rana ko kusa da murhu yana tsotse man cikinta, ta tsattsage, balle da hunturu. Baƙin mai da kananzir suna lalata fata, man gyaɗa kuma yana daɗewa sai ya yi wari ya jawo ɓera. In wuri ɗaya ne ya matse, a ɗan jiƙa shi kaɗai da ruwan sanyi, a sa takalmin a ƙafa har ya bushe.

Bayan kowane hawa a goge gumin doki, domin gishirinsa yana busar da fata. A cusa takarda a ciki ya tsaya a miƙe, a ajiye inda iska ke ratsawa, kada a ƙulle shi a leda, musamman da damina, fumfuna za ta kama shi.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar dukanci, Kano.