Tausar magani ba gwajin ƙarfi ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini don mu ja hankalin masu karatu kan tausar da ake yi wa masu ciwon tsoka. Jama'a sun karɓe ta hannu bibbiyu, sai dai da yawa sun ɗauka in ba a danne mutum har ya yi ihu ba, to aiki bai yi ba. Mu ma'aikatan fisiyo, wato masu jinya ta hanyar tausa da motsa jiki, da wannan ce sana'armu mun san cewa babban aikin yana gaban dannawa: gano abin da ke ciwon, da sanin inda hannu ba ya zuwa.

Wanda ya san aikinsa da tambaya yake farawa. Yaushe ciwon ya soma, faɗuwa aka yi ko a hankali ya shigo, wane motsi ke tayar da shi, wane magani ake sha. Sai gwaji iri uku, wanda likitan nan na Ingila James Cyriax ya tsara: majiyyaci ya motsa gaɓar da kansa, sannan ya saki jiki a motsa masa, sannan a tare gaɓar a ce ya tura da ƙarfi ba tare da ta motsa ba. In ciwon ya taso lokacin turawa amma ya yi shiru da aka motsa masa ta wannan ɓangare, ana zargin tsoka ko agararta. In kuwa ko shi ya motsa ko an motsa masa zafin ɗaya ne, a duba gaɓar kanta da jijiyoyin da suka ɗaure ta, domin murza tsoka ba zai kai can ba.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne, ba kullum inda ake jin ciwo ne tushensa yake ba. A cikin tsokar da ta gaji akan taɓo wani siririn layi mai tauri kamar tsirkiya, a tsakiyarsa akwai ɗan ƙullutu wanda in an danna sai majiyyaci ya zabura ya ce, "Nan ne!" Likita Janet Travell ta Amurka, wadda ta zama likitar Shugaba Kennedy a 1961, ita da abokin aikinta David Simons suka zana taswirar inda kowane ƙullutu ke aika zafinsa. Na tsokar da ta sauko daga ƙeya zuwa kafaɗa yakan haura ta bayan kunne ya zauna a gefen goshi, mutum ya yi ta shan maganin ciwon kai. Na bayan allon kafaɗa yakan fito ta gaban kafaɗa. Na ƙaramar tsokar da ke can ƙarƙashin gefen ɗuwawu kuwa yana bin ƙafa har idon sawu, a rantse jijiyar baya ce ta danne. Masana har yau suna ja-in-ja kan ainihin abin da ke faruwa cikin ƙullutun, amma yadda zafin ke tafiya abu ne da ake gani a ɗakin jinya.

Aikin kansa yana da tsari. Ana fara shafa wurin da tafin hannu na minti uku zuwa biyar, da mai ɗan kaɗan, don in ya yi yawa hannu zamewa zai yi ta yi bai kama tsoka ba. A hannu da ƙafa, ana matsawa ne in an nufi sama, wajen zuciya, a sassauta in ana dawowa, domin ta haka jini ke komawa a jijiyoyin da ke kusa da fata. Daga nan a kama tsokar a ɗaga, a murza ta tsakanin yatsu da tafi har ta yi laushi. Sai a zo kan ƙullutun: a ɗora babban yatsa, a tallafe shi da ɗayan hannun, a nutsa a hankali har majiyyaci ya ce ya ji, a tsaya nan daƙiƙa 30 zuwa 90. Muna sa shi ya auna zafin daga sifili zuwa 10, kuma ba ma barin ya haura 6 ko 7. Ko bai yi magana ba jikinsa zai faɗa: ya riƙe numfashi, ya cije haƙora, yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe. Da zarar an ga haka tsokar ta ɗaure tana kare kanta, duk ƙarfin da aka ƙara faɗa ake yi da ita. Bayan an saki, a miƙe tsokar daƙiƙa 20 zuwa 30, sau biyu ko uku.

Agara kuma, kamar ta gefen gwiwar hannu, a gicciye ake goga ta, babu mai, yatsa yana tafiya tare da fata. In yatsa ya riƙa gogar saman fatar, bororo za a tayar.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan tausa ba abin damuwa ba ne. Kwanciyar jini a fata kuwa shaida ce an wuce gona da iri.

Ga inda muke son masu karatu su fi buɗe kunne. Sabon rauni, targaɗe ne ko yagewar tsoka ko bugu, ba a tausa shi cikin sa'o'i 48 zuwa 72 na farko, ba a kuma gasa shi. Ƙananan hanyoyin jini sun fashe suna ƙoƙarin toshewa, murzawa tana sake buɗe su. Abin da ya dace shi ne hutu, a ɗaga wurin, a sa ƙanƙara cikin tsumma na minti 15 zuwa 20. A cinyar da ta sha mummunan bugu, tausa mai ƙarfi da wuri tana iya jawo ƙashi ya tsiro cikin tsokar bayan 'yan makonni, gwiwa ta ƙi lanƙwashewa.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne sharaɓar ƙafa ɗaya da ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, musamman ga wanda aka yi wa tiyata, ko ya daɗe a kwance, ko ya yi doguwar tafiya a zaune, ko mai ciki da wadda ta haihu kwanan nan. Yana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiyar da ke can cikin ƙafar. In aka murza ya ɓalle, huhu zai nufa, kuma yana kisa. Wannan ƙafa asibiti za a kai ta a ranar, kada kowa ya taɓa. Haka gaban wuya, inda manyan jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa suke, da bayan gwiwa da hammata da matsematsi, ba wuraren nutsa yatsa ba ne. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da dattijon da ƙashinsa ya yi rauni, da mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji sosai, hannu mara nauyi suke buƙata. Mai zazzaɓi ko ƙurji a wurin sai ya warke tukuna. Ciwon baya da ya zo da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, da ciwon kafaɗar hagu mai tafe da nauyin ƙirji da gumi, aikin sashen gaggawa ne.

Sai maganar abin da tausa ke iya yi, don masu tallarta sun cika baki. Ba ta fitar da wata guba daga jiki, ba ta mayar da faifan ƙashin baya da ya turo, ba ta narkar da kitse. Tana rage zafi da ɗaurewar tsoka, gaɓa ta sami sararin motsi, kuma sauƙin galibi na ɗan lokaci ne. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin ƙwayoyi ga sabon ciwon baya a 2017. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a 2016 ta ce ga ciwon baya a yi ta ne kawai tare da motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta lissafa ta cikin abin da za a iya ba mai daɗaɗɗen ciwon baya. A ganinmu sharaɗin NICE shi ne gaskiyar magana: wuyan da ke sunkuye kan waya ko kwamfuta sa'o'i da yawa kullum zai sake ɗaurewa, komai gwanintar hannun da ya warware shi, sai an ƙarfafa tsokar an kuma gyara zama.

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa 60, sau ɗaya ko biyu a mako. Tun ranar farko a sa alamar da za a auna: iya inda wuya ke juyawa, ko inda yatsu ke kaiwa in an sunkuya, ko minti nawa ake iya zama kafin ciwon ya taso. In an yi zama huɗu alamar tana nan inda take, a dakatar da tausar, a koma wajen likita a sake bincike.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Daga wasu ma'aikatan sashen fisiyo.