Idon mace da sinadarin estrojin: a daina sayen ɗigo da ka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin iyayenmu mata na Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi.

Mace ta haura 45, al'ada ta fara yi mata wasa, sai ido ya kama raɗaɗi kamar an zuba yashi, wani lokaci har hawaye na zuba. Sai a ce hunturu ne. Hunturu na da nasa laifin, amma tushen yana jiki. A gefen fatar ido, inda gashin ido ke fitowa, akwai ƙananan ƙofofi masu fitar da maiƙon da ke rufe hawaye don kada ya bushe da wuri. Estrojin da sauran sinadaran haihuwa na da hannu a aikinsu. Idan suka ja baya, maiƙon sai ya ragu ko ya daskare. Hayaƙin gawayin mai sayar da wake da shinkafa, da kwallin da ake zizarawa daidai kan ƙofofin, sai su ƙara dagula lamarin.

A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗora kan ido a rufe minti 5 zuwa 10, safe da yamma, a ɗan murza gefen fatar a goge. Ɗigon hawayen roba, wato maganin ɗigo mai jiƙa ido kamar hawaye, har sau 4 a rana ya wadatar.

Abin da muke tsoro shi ne ɗigon da ake saya a kemis mai ɗauke da magungunan kwantar da kumburi irin su dexamethasone ko prednisolone. Yana kwantar da ja nan take, shi ya sa ake sonsa, amma idan aka daɗe a kansa yakan jawo yanar ido da hawan jinin ido. Shi hawan jinin ido cuta ce da ta yi yawa a Ghana, kuma ganin da ta cinye ba ya dawowa. Wadda ta kai 40 ta je a auna mata ƙarfin matsin cikin ido, ko a asibitin Komfo Anokye ko a asibitin ido mafi kusa. Awon da aka saba gani 10 ne zuwa 21.

Mai ciki kuwa, fatar gaban ƙwayar idonta mai kama da gilashi kan riƙe ruwa ta ɗan yi kauri, gani ya canza. Kada ta yi gaggawar yanka sabon tabarau, ta bari sai ta wuce arba'in. Amma dishi-dishi ko walƙiya a ido tare da ciwon kai bayan mako 20, musamman idan jini ya kai 140/90, na iya zama alamar jijjiga ce ke tafe. Ranar za a kai ta asibiti, ba sai ranar awo ba.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ido,
Kumasi