A Samar Wa Masu Ciwon Suga a Zariya Jagoran da Zai Saurari Damuwarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin hukumomin lafiya da jama'ar Zariya kan wani ɓangare na ciwon suga da ba a cika waiwayarsa ba, wato damuwar da ciwon ke jefa mai shi a ciki.

Mai ciwon suga ba shi da ranar hutu. Kullum ga shan magani, ga lissafin abin da zai ci, ga sokar yatsa, ga kuɗin kayan gwaji, ga tsoron makanta ko ciwon ƙoda ko yanke ƙafa. Idan shekaru suka tura, mutum kan gaji. Sai ya fara tsallake magani, ya daina gwaji don kada ya ga lambar da za ta ɓata masa rai, ya ƙi zuwa asibiti ranar da aka ba shi don gudun faɗa. Binciken da aka tattaro daga ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 na masu ciwon suga nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, na fama da irin wannan damuwa. Kuma ba a zuci kaɗai take tsayawa ba. Lokacin fargaba jiki kan saki sinadaran cortisol da adrenaline, su kuma su sa hanta ta ƙara zuba suga a cikin jini. Suga ya hau, hankali ya ƙara tashi, sugan ya ƙara hawa.

Likitan da layi ke jiransa ba shi da lokacin zama ya tono wannan. Shi ya sa muke kira a samar da jagoran lafiya, mutumin da aka horar don ya saurara, ya taimaki majinyaci ya tsara abin da zai iya yi, sannan ya bi sawu. Yana iya zama nas, ko ma'aikacin lafiya na matakin farko irin waɗanda ake yayewa a Kwalejin Shehu Idris da ke Makarfi, ko wani mai ciwon da ya daɗe yana riƙe da sugansa lafiya. Ba ya rubuta magani, ba ya ƙarawa ko ragewa. Wannan hurumin likita ne.

Zaman farko ya ɗauki minti 30 zuwa 40, a inda wani ba zai ji ba. Akwai tambayoyi biyu da masana suka tantance don gano damuwar: a cikin watan da ya wuce, yaya mutum ke jin ɗawainiyar ciwon ta fi ƙarfinsa, kuma yaya yake jin yana gazawa wajen bin tsarin da aka ɗora shi a kai. Kowace tambaya a auna amsarta daga 1 zuwa 6. Idan jimillar ta kai 6 ko ta haura, sai a zurfafa. Wanda bai yi boko ba, a ajiye masa tsakuwa shida ya ɗebi gwargwadon nauyin da yake ji. Daga nan a gano tushen damuwar: tsoron abin da ciwon zai haifar ne, ko wahalar magani da abinci, ko yadda ma'aikatan asibiti ke yi masa magana, ko kuwa mutanen gida. Kowanne da hanyar da ake bi masa.

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Jagora ba zai jero abubuwa goma ba. Zai tambaya ne, "Baba, wane abu guda kake ganin za ka iya yi a makon nan?" Idan dattijo ya ce zai rage cin tuwo, wannan buri ne, bai zama shiri ba tukuna. Shiri shi ne malmala ɗaya maimakon biyu da daddare, a yawaita miyar kuka ko ta ganye, daga Litinin zuwa Alhamis. Ga Hajiyar da ba ta cika fita ba, zagayen tsakar gida na minti 10 bayan La'asar, kwana huɗu a mako. Abin da ake son a cimma shi ne minti 150 na motsa jiki a mako, amma wanda aka ce ya fara daga can, kwana uku zai yi ya watsar, ya kuma ƙara tabbatar wa kansa cewa shi ba ya iyawa. Bayan an tsayar da shirin sai a tambaye shi, daga 0 zuwa 10, yaya yake da tabbacin zai yi. In amsar ba ta kai 7 ba, a rage shirin har ta kai. A ganinmu wannan tambaya ta fi dogon jawabi amfani, domin nasara ƙarama da mutum ya gani da idonsa ita ke dawo masa da ƙarfin gwiwa.

Sai bibiya: kiran waya na minti 10 kowane mako a watan farko, sannan duk bayan mako biyu. Bayan wata uku a sake tambayoyin nan biyu, a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Yawancin manya ana son ya kasance ƙasa da 7 cikin 100. Idan shiri bai yiwu ba, tambayar ita ce me ya hana. Sau da yawa kuɗi ne suka ƙare aka koma raba ƙwaya biyu, ko maganin suga na metformin yana murɗa ciki saboda ana shan sa ba tare da abinci ba, ko wani mai tallan magani a mota ya yi alkawarin warkewa gaba ɗaya aka ajiye na asibiti.

Tsoratarwa ba ta aiki. Ce wa mutum za a yanke masa ƙafa ba ya sa shi kiyayewa, ɓuya yake sa shi yi. Haka mutanen gida da ke sa ido kan kowace loma, ko a ware masa tukunya shi kaɗai a gaban yara da baƙi. Ya kamata a gayyaci mai girki da mai cefane zama ɗaya, a nuna masu cewa abincin gidan gaba ɗaya ake gyarawa. Raunin namiji wajen iyali yana daga cikin abin da ciwon ke kawowa, yana cin maza da yawa a rai, kuma ba za su faɗa wa mace ba. Don haka a samar da jagorori maza da mata.

Akwai wani abu mai haɗari da dole jagora ya sani. Rawar jiki, zufa, bugun zuciya da rikicewa na iya zama faɗuwar suga, musamman ga masu allurar insulin ko masu shan ƙwayar suga ta glibenclamide, amma a ɗauka fargaba ce ko iska. A gwada sugan. In ya yi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, a ma'aunin na'urar gwaji, a ba shi cokalin shayi uku na suga a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti. Wanda kuma likita ya mayar kan insulin yakan ɗauka ƙarshensa ne ya zo. A fahimtar da shi cewa ciwon ne ke sauyawa da shekaru, ba laifinsa ba ne, a kuma nuna masa yadda zai ajiye kwalbar a wuri mai sanyi kusa da randa idan babu wuta.

Azumi ma na zuwa da tasa damuwar. A ga likita mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan. Mai azumi ya karya azumin idan suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300 mg/dL. Wanda aka hana azumi yakan ji kamar ya gaza a addininsa, kuma a nan kalma ɗaya daga malamin unguwa kan rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya ta fi tamu tasiri.

Jagora ya san iyakarsa. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun lalace, wannan ya wuce damuwar ciwon suga, likita ya kamata ya gani. Idan ya ambaci gara ya mutu, a ranar za a haɗa shi da likita, kada a bar shi shi kaɗai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Muna roƙon Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kaduna, da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da Asibitin Gambo Sawaba, su gwada wannan tsari a cibiyoyi kaɗan, misali a Tudun Wada, Samaru da cikin Birni. Taken Ranar Ciwon Suga ta Duniya, 14 ga Nuwamba, daga 2024 zuwa 2026 kan walwalar masu ciwon ne, lokaci ya dace ke nan. Kowane jagora kada a ba shi fiye da mutum 30, a ware masa kuɗin katin waya duk wata, littafin rubuta shirin kowane majinyaci, da nas ko likitan da zai riƙa zama da shi sau ɗaya a wata don duba waɗanda lamarinsu ya yi tsauri.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya masu kula da masu ciwon suga,
Zariya, Jihar Kaduna.